Tumbin Alhaji Bawa da Famfon Keke

Shekarar da aka raba Jihar Arewa maso Yamma ce Sama'ila ya sauko daga jirgin ƙasa a Gusau, bayan ya daɗe a Ikko har mutane sun gaji da tambayar uwarsa labarinsa. Ya zo da suma tuli guda, da wando mai faɗin baki da ke share masa hanya, da farar riga irin ta likitoci a ƙasan akwati. Aikinsa a wani asibiti can shi ne tura gadon marasa lafiya daga wannan ɗaki zuwa wancan. To amma ya tura su ta ƙofofi da yawa, ya kuma leƙa ta tagogi da yawa, saboda haka in zancen likitoci ya tashi ba ya cewa "su". Cewa yake "mu".

Gidan kawunsa ya sauka, Alhaji Bawa mai motocin haya a tashar Gusau. Zama wuri ɗaya ne Allah bai hore wa Sama'ila ba. Ya kwance rediyon Alhaji mai lafiya ƙalau don ya ƙara mata murya, da ya mayar ta koma huci kawai kamar kububuwa. Ya haɗa wa kajin Saude, matar Alhaji, maganin ƙarin ƙwai, kajin suka bar ƙwan ɗungurungum suka koma barci a tsaye da rana tsaka. Duk wannan neman suna yake, don idonsa na kan abu ɗaya: sabuwar Fijo da Alhaji ya sayo, tana nan gindin dogon yaro an lulluɓe ta da tamfol, ba a ba ta direba ba tukuna. Kowace safiya sai ya ɗaga tamfol ɗin ya gaishe ta.

Shi kuwa Alhaji Bawa mutum ne da tumbinsa ke riga shi shiga masallaci. In ya zauna gaban mota, Luka, tsohon direbansa, sai ya nemi gafarar tumbin kafin ya sa giya. A 'yan watannin nan ƙirjin Alhaji ke ci kamar an zuba masa garwashi duk bayan cin abinci, wato dai kusan duk yini. Likitan Gusau ya duba, ya danna, ya kasa taɓo komai saboda nisa, ya ce sai Zariya. Can an kawo wata siririyar mesa mai fitila a baki, ana zura ta ta maƙogwaro a ga cikin mutum ƙuru-ƙuru. Ya sa masa rana, ya kuma kafa sharaɗi ɗaya: tun daga magaribar jajibere kada komai ya shiga cikin nan, don fitila ba ta gani ta bayan tuwo. Ya ƙara da cewa shi kansa tumbin yana son ragi.

Da labari ya iso gida, Sama'ila ya ciro farar rigarsa ya kakkaɓe.

"Kawu, wannan ai aikinmu ne. Mutum nawa muke leƙawa a Ikko kafin mu karya kumallo?"

Alhaji ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kalli rediyo, wadda ke huci a kan taga.

"Ji nan, ɗan Hasana. In ka kai ni Zariya da ciki wayam, aka leƙa, muka dawo, makullin Fijo naka ne. In ka yi mani irin ta rediyo, ƙauyenku Furfuri za ka. Ubanka ya daɗe yana neman mai riƙe masa galma."

Mai hankali da ya ji haka sai ya rufe baki har ranar ta zo. Sama'ila gani ya yi aiki irin wannan ba a yin sa ba shaida. Ya fara da tasha, inda ya ce mesar kamar yatsa take. Ya hau mota ya tafi Bungudu, gidan Hajiya Maimuna, uwar Saude, surukar Alhaji ke nan. Kafin ya gama gaisuwa mesar ta kai kaurin ƙotar fartanya da tsawon igiyar rijiya. Washegari ya nufi Tsafe wurin Inna Huseina, yayar Alhaji, kuma 'yar'uwar uwar Sama'ila. Can fitilar ta zama irin ta gaban tirela, har ya ce in an kunna ta ana ganin hasken ta cibiya. Inna ta yi salati, maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ya ba da labarin tiryan-tiryan, da ƙari da ado, bai manta komai ba sai abu ɗaya. Bai gaya wa kowa cewa an hana Alhaji cin abinci ba.

Sai kuma maganar rage tumbi, wadda ba wanda ya ɗora masa. Yana zaune a tasha yana kallon mai faci na hura tayar keke, dabara ta faɗo masa. Me ke sa mutum ci? Wuri ne ya yi yawa a ciki. A cike wurin da iska, yunwa ta rasa masauki. Ya shiga kanti ya sayo jan balan-balan irin na yara ranar sallah, ya aro bawul ɗin keke da famfo wurin mai facin, ya haɗa su da siririyar roba. Ya sa farar riga, ya ɗauko wani tulu mai ƙaton ciki, ya dasa shi tsakiyar tasha. 'Yan kamasho da direbobi da masu rake suka kewaye shi.

"Wannan tulu," in ji shi, "shi ne Kawu."

Jama'a suka duba da kyau suka ce lalle akwai kama.

Ya zuba gero, tulu ya shanye bai nuna alama ba. Ya juye, ya zura balan-balan, ya buga famfo, ya sake zubawa. Nan take gero ya cika baki ya fara zuba ƙasa. Aka yi ta tafi. Wani mai rake ya ce shi da ma ya san yaron nan ba banza ya tara sumar ba.

Luka, wanda ke jingine da mota yana sakace, ya tambaya ko yaya za a yi in iskar ta sace. Sama'ila ya ce ai robar za ta riƙa lilo a gefen baki, kowace safiya a ƙara kamar yadda ake wa taya.

"To Likita, in muka hau kwalta rana ta take fa? Taya ma kan fashe. Ko safayar Alhaji za mu riƙa sakawa a but?"

Mai faci ya ce in dai faci ne, shi ya kama wannan kwangila tun yanzu. Ana cikin dariya tumbin Alhaji ya ɓullo ta ƙofar tasha, Alhaji na biye. Aka yi masa bayanin tulun da ko wane ne. Bai yi fushi ba. Ya ce dabara ce mai kyau, amma wanda ya ƙirƙiro ta shi zai fara haɗiyewa. In ya yini da ita bai tashi sama ba, sai su yi magana. Sama'ila ya ce su a ƙa'idarsu likita ba ya shan maganin marar lafiya. Ya cusa balan-balan a aljihu, da bawul da robarsa. Luka ya ɗauki famfon ya jefa a but ɗin tsohuwar motar da za a tafi da ita, ya ce ba a san inda rana za ta faɗi ba.

Ranar jajibere Alhaji ya zauna da la'asar ya ci kamar wanda aka ce fari zai shigo gobe. Daga magariba Sama'ila ya sa kujera a ƙofar madafa, ko Saude sai da izininsa take wucewa. Gari ya waye cikin Alhaji na kuka kamar ana jan kujera, amma wayam yake. An loda jaka, Luka ya ta da mota, Sama'ila har ya je ya gaya wa Fijo sai ya dawo. Sai ga motar Bungudu ta tsaya a ƙofar gida. Hajiya Maimuna ta sauko da sandarta, kwandasta na miƙo mata kwanuka ɗaya bayan ɗaya: farfesun kaza, dambun gero da zogale, da ƙwaryar fura wadda sai da hannu biyu ake ɗauka. Ta ce mutumin da za a zura wa igiyar rijiya ba ya tafiya ba ƙarfi a jiki.

Kowa ya san abincin suruka ba a mayar da shi. Kowa kuma ya san suruki ba ya ci a gabanta. Alhaji ya durƙusa daga nesa gwargwadon yadda tumbi ya yarda, ya gaishe ta kai a ƙasa, ya shige turaka. Kwanuka suka bi shi. Hajiya ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ce ba ta tashi sai ta ga kwanukanta sun fito da sauƙi.

Luka ya ja Sama'ila gefe ya ce a gaya wa tsohuwa gaskiya mana, likita ya hana, shi ke nan. Sama'ila ya tuna shi ne ya zauna gabanta ya kwatanta mata komai har da launin fitila. In yanzu aka ce ya manta babban sharaɗin, ina farar riga za ta sa kanta? Ya ce wa Luka su ba sa ta da hankalin dangin marar lafiya, ya bar masa aikinsa. Ya shiga turaka ya saki labule, ya iske Alhaji ya riga ya buɗe farfesu yana shaƙa ido rufe.

"Kawu, matsa. Ni zan ci a madadinka."

"Ko romon?"

"Ko romon."

"Ƙashin fa? Tsotsa kawai."

"Fitila na ganin maiƙo, Kawu."

Kazar ba ta ba shi wahala ba. Idon Alhaji na bin kowace tsoka daga kwano zuwa baki, maƙogwaronsa na haɗiya tare da shi. Dambun ne ya fara nuna masa Hajiya ta auna da tumbin surukinta ne, ba da cikin ɗan Ikko ba. Ya ci, ya huta, ya ɓalle maɓallin wando, ya ci gaba. Furar a tsaye ya sha ta, yana riƙe da bango. Da ya sauke ƙwarya wata gyatsa ta kuɓuce masa har labule ya motsa. Daga tsakar gida aka ji Hajiya na hamdala, tana gaya wa Saude cewa wanda ke gyatsa haka ai da sauran kwanansa a gaba.

Daɗin ganin kwanuka a share ya sa ta ce sai ta raka su har Tsafe, da ma ta kwana biyu ba ta ga Huseina ba. Alhaji ya zauna gaba shiru saboda kunya da yunwa. Sama'ila ya zauna baya kusa da ita, kowane rami mota ta faɗa sai kaza da dambu su sake gaisawa a cikinsa. Hajiya ta dube shi yana gumi, ta ce Ikko ba ta ciyar da mutane, dubi yadda yaro ya fige. Ta kwance bakin gyale ta ba shi ƙuli-ƙuli, ta sa masa ido har ya tauna.

Shirin Sama'ila shi ne a wuce Tsafe da gudu, a sauke Hajiya can gaba ta dawo a ƙafa. Bai yi lissafi da Inna Huseina ba. Tun daga nesa suka hango ta tsaye tsakiyar kwalta ta riƙe ƙugu, wata babbar mota ta tsaya tana jiran ta ga dama. A gefen hanya, gindin tsamiya, an shimfiɗa tabarmi, rabin unguwa sun fito neman gafara da mutumin da za a kunna wa fitilar tirela a ciki. Tsakiyar tabarmin akushi ne na tuwon dawa da miyar kuka, man shanu na yawo a kai, ga kan rago a gefe.

Nan ba maganar kunya. Inna Huseina ita ta goyi Alhaji, ta kuma ce ita ta fara gina wannan tumbi da hannunta. Ta zaunar da shi, ta sa Hajiya Maimuna ta koma bayan tsamiya don ƙaninta ya sake, ta zauna gabansa ta tura masa akushi. Luka ya ga abin zai ɓaci, ya rusuna ya ce, Inna, likita ne ya hana.

"Mi kac ce? Wane irin likita ne wanga, mai hana marar lahiya cin abinci? Shi bai karya ba yau?"

Ta jawo ruwa ta wanke hannu, ta ce in shi ba ya iyawa ita za ta ba shi a baki kamar da. Alhaji dai hannun rigarsa ya riga ya naɗe kansa. Sama'ila ya hango Fijo ta cire tamfol ta kama hanya ba shi a ciki. Ya yi tsalle ya shiga tsakanin kawunsa da akushi.

"Inna, ba wuri. Mun riga mun sa masa balan-balan a ciki mun hura. Loma ɗaya ta shiga, fashewa zai yi."

Alhaji ya buɗe baki, Sama'ila ya taka masa ƙafa. Masu neman gafara suka ɗan ja da baya. Inna ta miƙa yatsa ta tsokani tumbin, ta kasa kunne, ta sake tsokana.

"Wanga tumbi na san shi tun ba a yi auren uwarka ba. Ba iska ciki. Ta ina mutum ka haɗiye abin wasan yara?"

Sama'ila ya ciro jan balan-balan daga aljihu, ya ce ga irinsa, ya shiga bayanin tulu da gero. Ta ce ita ba ta ga tulu a nan ba, mutum ta gani mai baki. Ya haɗiye ta gani. Kafin ya samo ƙa'idar da ta hana, sai ga Luka a gefensa da famfo, ya goge shi da gefen riga ya miƙo da ladabi.

"Likita, ga kayan aikinka. Da ma maigida ya ce kai za ka fara."

Jama'a suka matso. Masu tallan gyaɗa suka sauke faranti, direban babbar motar nan ya kashe inji ya sauko. Sama'ila ya dubi balan-balan, ya dubi akushi, ya dubi hannun Alhaji da ke rarrafe a kan tabarma. Ya lakaci man shanu daga miyar Inna ya shafe balan-balan da bawul, ya yi wa jama'a bayani cewa a Ikko yara ma na yi, ya rufe ido, ya kora da ruwa. Abin mamaki, ya wuce. Ya tsaya da roba a gefen baki, ya ɗaga hannu kamar wanda ya ci dambe, ya yi wa Luka alama.

Bugun farko ba a ga komai ba. Na biyu idanun Sama'ila suka firfito. Luka ya tofa yawu a hannu ya danna na uku da ƙarfin da yake ba tayar baya. Aka ji wani ƙugi daga can cikin farar riga kamar kwaɗo a rijiya, sai robar ta zaro kanta ta fito sakayau, ba balan-balan, ba bawul.

Luka ya ɗaga bakin robar ya leƙa, ya busa, ya sake leƙawa.

"Likita, bawul ɗin na mai faci ne fa."

Sama'ila ya dafe ciki. Da wata 'yar murya da bai san yana da ita ba, ya tambaya ko in mutum ya haɗiye ƙarfe me ake yi masa.

"Ku kuka sani," in ji Luka. "Mu ai direbobi ne."

Inna Huseina ba ta jira shawarar likitoci ba. Ta sa aka kawo ruwan ɗumi da gishiri da kanwa, ta ce wa maza biyu su riƙe mata shi, ta ɗura masa, ta bi da zura masa gashin kaza a maƙogwaro don ya yi amai. Abin da ya biyo baya mutanen Tsafe sun daɗe suna ba da labarinsa. Ƙuli-ƙuli ya fara dawowa, sannan fura, sannan dambu, kaza ta rufe baya. Kowa ya sunkuya yana neman jan balan-balan. Hajiya Maimuna ta baro bayan tsamiya ta ratsa mutane don ta taimaka, ta sa bakin sanda tana tonawa. Can sai sandar ta tsaya.

"Wanga zogalena ne."

Ta ƙara tonawa.

"Ga kazata. Ni na yanka ta da asuba." Ta ɗago ta dubi Sama'ila tun daga suma har bakin wando. "Ashe gyatsarka ce na yi wa hamdala?"

Ta juya neman surukinta ya yi mata bayani. Tabarma na nan, ba Alhaji. Akushi ma ba ya nan, haka kan rago. Aka duba bayan tsamiya, aka duba masallaci. Luka ne ya lura gilasan mota duk an ɗaga su, sun yi gumi daga ciki. Ya buɗe ƙofa. Alhaji na zaune ya juya baya ga jama'a, akushi a kan tumbi a suɗe tas, yana fama da kunnen rago. Ya ce wa Luka a hankali ya shaida, shi bai ci a gaban surukarsa ba.

Inna Huseina ta ce yanzu ta ji magana, Allah ya kiyaye hanya. Hajiya Maimuna ta ce ita ba ta da ta cewa, sai dai wannan yaro kada ya sake taka Bungudu. Balan-balan dai bai fito ba. Aka kwantar da Sama'ila a kujerar baya, aka ci gaba zuwa Zariya, don ko ba komai akwai ƙarfen mutane a ciki.

Likitan Zariya Ba'indiye ne, dogo, mai Hausa kaɗan-kaɗan. Ya shirya mesa, ya gwada fitila, ya tambayi Alhaji yaushe rabonsa da abinci. Alhaji ya buɗe baki zai yi dogon bayani, gyatsa ta riga shi, ɗakin ya gauraye da daddawa. Likita ya cire tabarau ya goge, ya ce sai wata rana. Sannan ya nuna wanda ke jingine da bango cikin farar riga, fuska ta yi fari fat kamar rigar, ya tambaya ko wannan abokin aiki ne. Luka ya ba shi labari, da famfon a hannu don ƙarin haske. Likita ya sa aka maimaita masa sau biyu. Ya ce ƙarfen bai kamata ya kwana a ciki ba, amma ko cikin wannan ɗin wayam yake?

"Ranka ya daɗe," in ji Luka, "duk Tsafe shaida ne. Ba a taɓa kawo maka ciki a shirye kamar wannan ba."

Aka kawo gado mai taya aka ɗora Sama'ila. Mai turin sabon hannu ne. Ya buga gadon a ƙofa, ya ja baya, ya sake bugawa, da suka zo gangara ya sa kan marar lafiya gaba. Sama'ila ya daure wa gashin kaza, ya daure wa sandar Hajiya, amma wannan ya fi ƙarfinsa. Ya ɗago kai ya ce wa mutumin ba haka ake yi ba: a gangara ƙafa ke gaba, a bakin ƙofa ana danna baya a ɗaga tayar gaba, kuma wannan tayar hagun da ke ja, zare ne ya naɗe ta, a sa reza a yanke. Mai turi ya gwada, gado ya wuce sumul. Ya washe baki.

"Ashe ɗan'uwa ne. A wane asibiti ka yi turi?"

Alhaji da Luka na biye da gadon. Luka dai ya yi ta tari har ƙarshen baranda.

Mesar siririya ce kamar ƙaramin yatsa, ba kamar yadda ya gaya wa Bungudu ba. Amma da ta shiga maƙogwaro, igiyar rijiya ya ji, daidai yadda ya gaya musu. Likita ya leƙa, ya yi murmushi, ya kira wasu su zo su leƙa. Aka zaro jan balan-balan da bawul ɗinsa, aka sa a kwalba aka ba shi. Luka ya karɓi bawul ɗin ya naɗe a takarda, ya ce amana ce.

Da aka sake sa wa Alhaji rana, ko Saude bai gaya wa ba. Luka ya kai shi a cikin sabuwar Fijo, wadda makullinta ya koma aljihunsa, kuma da za su ratsa Tsafe Alhaji ya kwanta a kujerar baya aka lulluɓe shi da tamfol ɗin motar.

Sama'ila kuwa bayan motar auduga ya hau zuwa Furfuri, da akwatinsa da kwalbarsa. Farar rigar uwarsa ta yanka ta yi matatar koko. Makon farko bai ɗaga kai ba. A na biyu aka fara ganinsa jingine da galma a bakin gona, manoma sun kewaye shi, kwalba na zagawa hannu zuwa hannu. Yana gaya musu daga Tsafe har Bungudu shi kaɗai ne mutumin da aka kunna wa fitila a ciki kafin kowane Alhaji, kuma likitan da kansa ya tara manyan asibitin su zo su gani, ya ce tun da yake bai taɓa ganin ciki mai tsabta irin wannan ba.

Yana cikin magana idonsa ya faɗa kan san noman ubansa, wanda rani ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, ga ranar kai shi kasuwa ta kusa. Ya karkata kai, ya zagaya san, ya dafa masa ciki.

Ubansa ya bi idonsa ya ga inda ya sauka. Ya tashi ya shiga gida, ya kwance famfon da ke jikin kekensa, ya kai gidan maƙwabci ajiya.